Me ya sa hotunan fim ke fitowa da duhu ko dishi-dishi, kuma yaya ake auna haske?

"Assalamu alaikum, malam. Kawuna ya ba ni tsohuwar kyamararsa ta fim, Pentax K1000, da gilashi mai milimita 50. Na sa mata Kodak Gold 200, na yi ta ɗauka har ya ƙare, aka wanke mini. Hotunan waje da rana sun yi kyau, amma na cikin ɗaki wasu sun yi duhu da wani irin toka-toka, wasu kuma sun yi dishi-dishi kamar an girgiza su. Ƙanwata da na ɗauka a bakin taga ta fito baƙi ƙirin, tagar kuwa tar da ita. Kuma yawanci ina bin allurar da ke cikin kyamarar. Laifin kyamarar ne, ko na fim, ko na mai wanki? Ta yaya mutum zai san ya daidaita haske alhali babu allon da zai duba?"

Wa alaikumus salam. Idan na fahimce ka daidai, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya: wa ke da alhakin hotunan da suka lalace, da kuma yadda ake auna haske a kyamarar da ba ta nuna sakamako sai bayan an wanke. Daga abin da ka siffanta, abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne kyamararka lafiyarta ƙalau, mai wankin ma bai yi maka ɓarna ba, domin da a ce ɗayansu ne ya sami matsala, da wuya hotunan waje su tsira. Duhun nan mai toka-toka, da dishi-dishin, da fuskar da ta baƙe a bakin taga, kowanne da dalilinsa daban, amma dukkansu suna komawa ga yawan hasken da ya isa fim da kuma yadda aka auna shi.

Abin da haske ke yi wa fim

Fim ɗin da ke hannunka siririyar leda ce mai faɗin milimita 35, an shafe fuskarta ɗaya da jelatin da aka cakuɗa da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Kowane hoto yana cin fili mai milimita 24 da 36, girman da kyamarar Leica ta yaɗa a duniya tun daga 1925. Idan haske ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, yakan bar mata ɗan tabon da ido ba ya gani. A wurin wanki, maganin farko yana bin ƙwayoyin da ke da tabo yana mayar da su baƙar azurfa, daga baya wani magani ya narkar da waɗanda haske bai taɓa ba ya fitar da su. A fim mai launi irin naka akwai shimfiɗu daban-daban masu amsa hasken shuɗi da kore da ja, kuma a ƙarshen wanki ana kwashe azurfar baki ɗaya a bar rini a gurbinta. Wannan ne ya sa negetif, wato fim ɗin da aka wanke, ke fitowa a juye: inda haske ya yi yawa ya yi duhu, inda duhu yake ya zama garau.

Abin da ya kamata ka riƙe daga wannan bayani shi ne, wurin da haske bai isa ba babu abin da aka rubuta a cikinsa, kuma babu maganin da zai fito da abin da ba a rubuta ba. Idan aka kawo irin wannan negetif gaban injin da ke mayar da shi hoto, injin yakan yi ƙoƙarin ƙara masa haske da ƙarfin tsiya, sai baƙin ya koma ruwan toka mai ɗan kore ko ruwan ƙasa, yashi-yashi ya cika shi. Toka-tokan da kake gani ke nan. Alama ce ta fim ɗin da aka bari da yunwar haske.

Abubuwa uku, ma'auni ɗaya

Abubuwa uku ne ke yanke yawan hasken da hoto zai samu. Na farko ƙarfin fim, wato lambar ISO da ke jikin kwalinsa. Fim mai 400 yana buƙatar rabin hasken da mai 200 ke buƙata, mai 200 kuma rabin na mai 100. Ana samun wannan ƙarfi ne da manyan ƙwayoyi, shi ya sa yashi-yashi ke ƙaruwa yayin da lambar ke hawa. Wanda ya saba da waya ko kyamarar zamani yakan manta cewa a fim wannan lamba ba ta canzawa daga hoto zuwa hoto; ranar da ka loda fim ka zaɓe ta, sai kuma ya ƙare. Lambar da ake murɗawa a saman kyamara, wadda a K1000 ake ɗaga zoben da ke kewaye da maɓallin sauri a juya ta, sanar da mita, wato na'urar auna haske da ke motsa allurar, ce kawai abin da aka loda. Wannan kyamara ba ta karanta lambar da kanta, don haka ka fara duba ko tana kan 200. Idan mai ita na da ya bar ta a 800, to duk hotunanka sun tafi da rubu'in hasken da ya kamace su.

Na biyu saurin labulen da ke rufe fim a cikin kyamara, wato tsawon lokacin da ake buɗe wa haske hanya. Lambobin da ke kan maɓallin, 1000, 500, 250, 125, 60, 30, 15, 8, 4, 2, 1, kashi ne na daƙiƙa: 125 na nufin ɗaya bisa 125 na daƙiƙa. Duk lokacin da ka sauka gida ɗaya, kamar daga 250 zuwa 125, ka ninka hasken sau biyu.

Na uku faɗin kafar da haske ke bi a cikin gilashi, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Lambar tana fitowa ne idan aka raba tsawon gilashi, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa, da faɗin kafar. Gilashinka mai milimita 50 idan yana kan f/2, faɗin kafarsa milimita 25 ne. Idan yana kan f/16 kuwa, bai wuce milimita 3 da 'yan kai ba. Jerin 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22 yana kama da wanda aka tsinto a warwatse, amma kowace lamba ninkin ta bayanta ce da kusan 1.4, kuma idan faɗin da'ira ya ragu da wannan adadi, filinta yakan ragu da rabi daidai. Saboda haka daga f/8 zuwa f/11 an rage rabin haske, daga f/8 zuwa f/5.6 an ninka shi.

Ka ga ke nan duka ukun da ma'auni ɗaya suke tafiya, ninki biyu ko rabi, kuma wannan shi ake kira mataki ɗaya. Da zarar ka fara lissafi da matakai, aikin ya zama musaya. Da f/16 a 1/250, da f/11 a 1/500, da f/8 a 1/1000, duka haske ɗaya suke kai wa fim. Bambancinsu yana cikin kamannin hoton: babbar kafa tana sa abin da ka saita ido a kansa ya fita tar, bayansa ya narke, ƙaramar kafa tana fito da na kusa da na nesa tare. Labule mai sauri yana tsayar da motsi cak, mai nawa kuma yana barin sa ya ja layi.

Dalilin da ɗaki ke ba da wahala

Idon ɗan Adam yana daidaita kansa cikin hanzari, har ba ma jin irin tazarar da ke tsakanin hasken waje da na ɗaki. A tsakiyar rana mai tsabta, fim mai 200 yana son kusan f/16 a 1/250. A ɗaki na yau da kullum da aka kunna fitila da dare, fim ɗin nan dai yana son kusan f/2 a 1/15. Ƙirga da kanka: daga f/16 zuwa f/2 matakai 6 ne, daga 250 zuwa 15 matakai 4, jimla 10. Ninki biyu sau 10 ya haura 1,000. Wato ɗakin da kake zaune kana karatu a cikinsa ba tare da wata damuwa ba yana iya zama da kashi ɗaya cikin 1,000 na hasken waje.

A nan ne matsalolinka biyu suka rabu. Inda ka bi allura har ta zo tsakiya, ta kai ka 1/15 ko 1/8, kuma hannun mutum ba ya tsayawa cak na tsawon wannan lokaci, sai hoton ya yi dishi-dishi. Inda kuwa ka bar labule a 60 ko 125 saboda allurar ta ƙi motsawa ko ka gaji da ita, hoton ya fita ba girgiza amma da yunwa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada lambar sauri ta gaza tsawon gilashi idan a hannu kake riƙe da kyamara; da milimita 50, ka tsaya a 1/60 ko sama. Wanda ya jingina da bango, ya manne gwiwar hannuwansa a jiki, ya danna a hankali bayan ya saki numfashi, yakan tsira da 1/30. Ƙasa da haka sai marikin ƙafa uku, ko a ɗora kyamarar a kan tebur, kuma ko da an yi hakan, wanda ake ɗauka ma dole ya natsu.

Hanyoyin fita ba su da yawa. Za ka iya loda fim mai 400, wanda zai kai ka 1/30 a irin wannan ɗaki, ko mai 800 da zai kai ka 1/60. Za ka iya sa filasha, amma ka tabbata labulen yana kan 60 ko ƙasa, domin a K1000 idan ka wuce nan labulen ba ya buɗewa gaba ɗaya a lokaci guda, sai gefen hoton ya fito baƙi kamar an yanke. Ni dai a wurina, mafi kyawu kuma mafi sauƙi shi ne a ɗauka da rana, a matso da mutum kusa da taga ko ƙofa, hasken ya zo masa daga gefe. Akwai kuma abin da babu ruwansa da yawan haske: an haɗa Gold 200 ne don hasken rana, saboda haka ƙwan fitila mai zare yakan sa hoto ya yi ruwan lemo, doguwar fitila kuma ta ja shi zuwa kore. Idan ka ga haka kada ka zargi mai wanki.

Allura ba ta san abin da kake kallo ba

Hoton ƙanwarka ya fi sauran muhimmanci, domin a nan ka yi daidai abin da kyamara ta ce, kuma duk da haka ya ɓaci. Mitar kyamara tana auna hasken da ke dawowa daga abin da ke gabanta, ta haɗa shi wuri ɗaya, ta ba ka saitin da zai mayar da jimlarsa matsakaicin ruwan toka, irin na katin da masu hoto ke amfani da shi mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa. Tamkar tela ce da ke ɗinka wa kowa da awo ɗaya: mai matsakaicin jiki ya dace, sauran kuwa sai haƙuri. Yawancin abubuwan da ake ɗauka a waje, idan aka gauraya haskensu da duhunsu, kusa da matsakaici suke, shi ya sa hotunanka na waje suka yi kyau. Taga mai cike da rana kuwa ta rinjayi duk abin da ke cikin hoton, mita ta ga haske ya yi yawa, ta ce a rage. Ta gyara tagar, ta sadaukar da fuskar.

Haka take yi da farin bango ko farar riga, ta dusashe su su koma toka. Idan kuma duhu ne ya cika hoton, kamar mutum a gaban baƙin labule, sai ta ce a ƙara har fuskar ta ƙone. Gyaran yana tafiya ne saɓanin abin da zuciya ke raya wa mutum: idan fari ya yi yawa ka ƙara haske mataki ɗaya ko biyu a kan abin da allura ta ce, idan baƙi ya yi yawa ka rage mataki ɗaya.

Yadda nake yi idan haske yana bayan mutum shi ne, na taka har gabansa, na cika madubin leƙe da fuskarsa ba tare da tagar ta shigo ba, na lura kada inuwata ta faɗa masa, na kawo allura tsakiya, sannan na koma inda zan tsaya na ɗauka ba tare da na sake taɓa komai ba. Daga can allurar za ta haura sama tana nuna haske ya yi yawa. Ka ƙyale ta. Idan ba za ka iya isa wurin mutumin ba, ka miƙa tafin hannunka cikin haske irin wanda ke kan fuskarsa ka auna shi, sannan ka buɗe mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi matsakaicin toka haske da kusan mataki guda. Tagar za ta ƙone ta zama fari fat, kuma babu laifi, tunda ba ita ka zo ɗauka ba.

Yana da kyau kuma ka iya kimanta haske ba tare da mita ba, ko don ka gane ranar da ta fara yi maka ƙarya. A rana mai tsabta, ka sa f/16, ka sa labule a lambar da ta fi kusa da ISO ɗin fim, wato 250 ga naka. Daga nan ka duba inuwar da ke ƙasa. Idan gefenta ya yi laushi saboda ɗan gajimare ko hazo, f/11. Idan da ƙyar ake ganinta, f/8. Idan babu ita sam, f/5.6. A ƙarƙashin inuwar gini ko dab da faɗuwar rana, f/4. Ka fita da rana ka nuna kyamararka ga wani fili mai ciyawa da rana a bayanka. Idan allura ta daidaita kusa da f/16 a 250, mitarka tana da gaskiya. Idan ta kauce da mataki biyu, ka sauya batir, wanda a wannan kyamara LR44 ne ko SR44. Ba ta da makunnin kashe mita, murfin gilashi ne ke hutar da ita, don haka wadda aka ajiye a buɗe takan shanye batirinta. Labulen dai da ƙarfe da sifirin yake aiki, ko babu batir zai ɗauka.

Wane ɓangare ya fi dacewa a karkata?

Idan kana shakka tsakanin saiti biyu, ka ɗauki mai ba da haske da yawa. Negetif mai launi yana da haƙuri sosai da ƙarin haske: mataki ɗaya ko biyu a sama ba ya yi masa illar da za a damu da ita, sau da yawa ma launinsa ya fi cika, yashinsa ya ragu. Ragi kuwa, da zarar ya wuce mataki ɗaya inuwa ta fara mutuwa. Wannan ne ya sa ni da wasu masu aikin muke gaya wa mita 100 alhali fim mai 200 ne a ciki, ko 200 ga mai 400, a kuma wanke shi yadda aka saba. Wanda ya fito daga kyamarar zamani ya saba da akasin haka, domin a can fari ne ke ƙonewa ba ya dawowa, kuma wannan sabo yana cikin abubuwan da ke ɓata wa mutane fim ɗinsu na farko.

Wannan shawara ba ta shafi fim ɗin silaid ba, irin su Velvia da Ektachrome, wanda ke fitowa da hoto a miƙe. Shi rabin mataki ma yana nunawa, kuma ƙari ne ya fi cutar da shi. Ban ga dalilin da mai koyo zai fara da shi ba. Haka nan idan labule zai daɗe a buɗe fiye da daƙiƙa ɗaya, musayar matakan da na bayyana tana fara karyewa, fim ya riƙa buƙatar lokaci fiye da lissafi. Fim mai baƙi da fari na Ilford HP5 Plus, misali, idan mita ta ce daƙiƙa 10, kusan 20 yake so. Fim ɗin da wa'adinsa ya wuce ko ya sha zafi ma ƙarfinsa yakan ragu, kuma abin da aka saba yi shi ne a ƙara masa mataki ɗaya a kan kowace shekara 10, ko da yake wannan kintace ne kawai.

Negetif ne shaida

Ka ce babu allon dubawa, amma akwai abin da ya fi allo faɗin gaskiya, sai dai yana zuwa a makare. Hoton da aka buga ko aka turo maka a waya ya riga ya bi ta hannun injin da ya gyara shi yadda ya ga dama. Ka karɓi negetif ɗinka kullum, ka riƙe shi ta gefe, ka ɗaga shi gaban farar takarda da haske ya faɗo mata. Gidan, wato filin hoto ɗaya a jikin negetif, da ya sami isasshen haske za ka ga zane-zane a cikinsa har a wuraren da suka fi garau, kamar gashi ko naɗin tufafi mai duhu. Wanda ya yi yunwa kuwa, waɗannan wurare za su zama daidai da launin ruwan lemon da ke tsakanin gida da gida, babu komai a ciki.

Sannan ka duba gefen fim ɗin, wajen ramukan da haƙoran kyamara ke ja. Akwai sunan fim da lambobin gidaje da aka buga da haske tun daga masana'anta, kuma sai an wanke suke bayyana. Su ne alƙalai tsakaninka da mai wanki. Idan rubutun ya fito baƙi sosai amma hotunan sun yi sirara, wanki ya yi daidai, haske ne bai isa ba. Idan rubutun ma ya kode tare da hotunan, magani ne ya gaji ko ba a ba shi lokacinsa da zafinsa ba. Wankin C-41 da ake yi wa fim mai launi yana son zafin digiri 37.8 da minti 3 da daƙiƙa 15 a maganin farko, kuma ba ya son a kauce. Idan rubutun yana nan amma babu hoto ko ɗaya, galibi fim ɗin ne bai taɓa tafiya a cikin kyamara ba, abin da za ka iya kauce masa ta hanyar lura ko hannun naɗewa da ke hagu yana juyawa duk lokacin da ka ja gaba. Idan kuma ka ga jan layi ko na ruwan lemo ya ratsa hoton da aka buga, a negetif kuma duhunsa ya haura har ramukan gefe, soson da ke toshe bakin murfin baya ne ya ruɓe, haske yana satar hanya. Kyamara irin taka da aka fara ƙerawa a 1976 aka daina a 1997, ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta kai shekarun da za a duba mata wannan.

Duk abin da na faɗa game da lafiyar kyamararka a kan siffantawarka na gina shi, ban riƙe ta a hannu ba, ban kuma ga negetif ɗin ba. Tsohon labule yana iya yin daidai a 125 ya yi nawa a 1 ko 2, ko ya kasa buɗewa sosai a 1000, kuma ganyayen kafar gilashi suna iya maƙalewa da maiko. Irin wannan sai mai gyara da kayan awo. Kafin ka kai ta can, ka sadaukar da fim ɗaya sabo don gwaji. Ka zaɓi wuri guda da haskensa ba ya canzawa, ka ɗauke shi a f/16 da 1/125, da f/11 da 1/250, da f/8 da 1/500, da f/5.6 da 1/1000. Tunda haske ɗaya ne, gidajen huɗu ya kamata su fito da kauri ɗaya a negetif, kuma duk wanda ya bambanta ya nuna maka saurin da ke da matsala. Sauran fim ɗin ka yi ta ɗaukar kowane abu sau uku, ɗaya yadda allura ta ce, ɗaya da ƙarin mataki, ɗaya da ragin mataki, kana rubuta lambar gida da saitinsa a takarda. Ka haɗa har da ƙanwarka a bakin tagar nan, sau ɗaya da awon allura daga nesa, sau ɗaya da awon fuskarta daga kusa, sannan ka jera negetif ɗin da takardar ka kwatanta su gida-gida.